Yadda za ka zaga mutum-mutumi da wuraren tunawa da sojoji a Ceredigion ba tare da ka sha wahalar da na sha ba

Tunda na dawo Jos mutane ke ta damuna da tambaya kan hotunan da na ɗauko a Wales, wani yanki na Birtaniya, wani ma a Terminus ya tare ni wai shi ɗansa ya samu karatu a can zai je duba shi, me ake kallo a garin? To bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya huta. Ƙanena na je wa, yana karatu a jami'ar Aberystwyth, a gundumar Ceredigion da ke bakin teku a yammacin Wales, su suna cewa Keredigiyon ne, kar ka je kana karanta shi da harafin S su yi maka dariya irin yadda suka yi mini. Garuruwan ƙanana ne sosai, wani bai kai Unguwar Rogo ba, amma kusan kowanne za ka tarar da dutse ko ginshiƙi a tsakar gari an jera sunayen mutane a jiki.

Kafin komai, shiri. Kar ka yarda da zancen nan na mu 'yan Jos mun saba da sanyi. Sanyin Disamba namu busasshe ne, nasu kuwa da ruwa da iskar teku yake zuwa, lema ma ba ta da amfani don iska juya ta take yi, rigar ruwa mai hula za ka nema da takalmi mai riƙe ƙasa. In a Nuwamba ka je, wajen huɗu da rabi na yamma rana ta faɗi, Azahar da La'asar da Magariba duk a jere suke zuwa, don haka ka fita da wuri kuma ka san inda za ka tsaya ka yi salla. Jirgin ƙasa daga Birmingham yana kai ka Aberystwyth cikin kamar awa 3, daga nan sai bas. T5 tana bin bakin teku ta Aberaeron har Cardigan, T1 kuma tana kai ka Lampeter. Ka duba lokacin bas ɗin ƙarshe tun kafin ka sauka, can babu keke napep balle ɗan acaɓa da zai cece ka.

Ka fara da Aberystwyth ɗin, ka ba shi yini guda. A gefen kangon tsohuwar ganuwar garin, daidai inda ƙasa ta shiga teku, akwai dogon ginshiƙin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, wani Ba'italiye mai suna Mario Rutelli ne ya yi shi, aka buɗe a 1923. A can ƙololuwa mace ce mai fikafikai, alamar nasara, a ƙasa kuma wata mace ta tagulla tana ƙoƙarin fitowa daga sarƙaƙiya, wai ɗan Adam ne ke fita daga bala'in yaƙi. Ta ƙasan nan fa babu sutura a jikinta, ina faɗa ne don in kana tare da surukinka ko yara ka san ta gefen da za ka ɓullo, ni da ƙanena muka yi cirko-cirko, ya ce "Yaya mu zaga ta baya, sunayen ne abin kallo." Kuma gaskiyarsa.

Don sunayen su ne aikin. Yawancinmu hoto muke ɗauka mu wuce, alhali labarin yana jikin allunan. Dalilin da ya sa suka cika garuruwa da waɗannan duwatsu shi ne, a yaƙin nan Birtaniya ba ta dawo da gawarwakin sojojinta gida ba, inda mutum ya faɗi a Faransa ko Beljiyam ko Turkiyya nan yankin aka binne shi, wasu ma ba a ga gawar ba sam. Uwa ba ta da kabarin da za ta je, sai mutanen gari suka yi karo-karo suka kafa dutse. To in ka tsaya, ka karanta a hankali daga sama. Za ka ga Jones, Jones, Davies, Evans, Davies, har ka rikice, shi ya sa a ƙauyuka wani lokaci ake haɗawa da sunan gida ko gonar mutum don a bambance, kamar dai yadda mu ma muke cewa Musa na gidan wane. Gajerun haruffan da ke gefen suna rundunarsa ce, R.W.F. da S.W.B. rundunonin Wales ne, R.N. kuma sojan ruwa, kuma a garuruwan bakin teku za ka ga ma'aikatan jirgin ruwa da yawa. In ka ga "Er cof am" yarensu ne, yana nufin don tunawa da, "Rhyfel Mawr" kuma Babban Yaƙi. Kusan rabin mutanen gundumar da yaren suke magana har yau. Dabarar da na koya, ka zaɓi suna ɗaya tak ka ɗauki hotonsa, da dare ka sa shi a shafin intanet na CWGC, hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi, sau da yawa za ta nuna maka ranar da ya mutu da shekarunsa da inda kabarin yake. In ka ci karo da ɗan shekara 19 jikinka zai yi sanyi.

In da sauran ƙarfi ka hau tudun Pen Dinas, akwai hasumiyar tunawa da Wellington, janar ɗin Birtaniya na yaƙin Waterloo, kamar igwa aka tsayar bakinta na kallon sama. Wanda ya taɓa hawa Dutsen Shere wannan wasa ne.

Washegari ka nufi kudu. Dab da ƙauyen Llanrhystud a kan hanyar A487 akwai guntun bango jajir da farin rubutu, "Cofiwch Dryweryn", wato ku tuna da Tryweryn. Wani ƙauye ne Capel Celyn a kwarin Tryweryn ɗin, a arewacin Wales, da aka nutsar a 1965 don a tara wa birnin Liverpool na Ingila ruwan sha, mutanen suna ji suna gani aka tashe su. Nan take tsohuwar Bussa ta faɗo mini a rai, da madatsar Kainji ta cinye. A 2019 wasu sun ɓata rubutun sun rushe wani sashe, matasa suka zo suka gyara. Titin yana da motoci, in a bas kake ka zauna kusa da taga ka shirya waya kawai. Aberaeron akwai dokin tagulla na irin dawakan yankin, minti goma ya isa. Cardigan kuma wata 'yar dabbar ruwa ta tagulla a bakin gadar kogin Teifi, da ƙatuwar kujerar katako a ganuwar garin don tunawa da gasar mawaƙa da aka yi a wurin a 1176.

Inda ya fi tsaya mini a rai shi ne Tregaron, kuma shi ne ya fi wuyar zuwa, bas ɗin can jefi-jefi ne, in da hali ku yi hayar mota ku haɗa da Lampeter, inda sojan tagulla na William Goscombe John yake tun 1921. A dandalin Tregaron mutumin da ke tsaye ba soja ba ne, Henry Richard ne, ɗan garin da aka haifa a 1812, ya yi rayuwarsa yana faɗa da yaƙi kansa, yana cewa ƙasashe su riƙa sasantawa a teburi, har ake kiransa manzon zaman lafiya. An kafa mutum-mutuminsa a 1893, shekara 21 bayan nan yaƙin ya ɓarke. Mu da muka ga abin da muka gani a Jos ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ladabin wurin kuma, ba a zama a kan matakalar ana cin biskit, ba a taɓa jajayen furannin da aka ajiye. In 11 ga Nuwamba ko Lahadi ta biyu ta watan ta same ka, ƙarfe 11 na safe ana yin shiru na minti 2, irin namu na ranar tunawa da sojoji, 15 ga Janairu, ka kashe ƙarar waya. Ba sai ka rusuna wa komai ba, babu mai sa ka, tsayuwa kawai za ka yi. Ni ina tsaye a Lampeter ina bin sunaye da ido sai tunanin kakanmu ya zo mini, yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa Boma a yaƙi na biyu, shi ya dawo, abokinsa da yake yawan ambata bai dawo ba. Na tambayi ƙanena ko ya tuna sunan abokin, ya ce sai dai a tambayi Goggo, ita kuma wayarta a kashe ranar.