Fili mai gangare: a tare ƙasa tun kafin gini ya yi nisa

Salamu alaikum jama'a. Masu sabon gini a fili mai gangare, irin na wajen dutsen Kufena da bakin kogin Kubanni a Zariya, ku tsara yadda za ku tare ƙasa tun ana haƙa tushe. Idan aka bari sai an yi rufi, lokacin aljihu ya bushe.

Ruwa ne ke kayar da bangon tare ƙasa. Zariya na samun kusan milimita 1000 a shekara, Agusta ya fi tsanani, jar ƙasarmu kuwa in ta sha ta ƙoshi sai ta dinga turo bango har ya yi ciki ya tsage. Don haka a zuba tsakuwa a bayansa, a jera guntayen fayif ta ƙasa-ƙasa, tazarar mita 1 zuwa 2, ruwa ya samu mafita. Wani birkilan zai so ya toshe ramukan da filasta wai don kyau. Kada ku yarda.

Bulo mai inci 6 ba na wannan aikin ba ne. A sa inci 9, a cika da kankare da rodi. In tsayin ya haura mita 1, a nemo injiniya. Ni dai na fi son a yanka gangaren hawa biyu ko uku, kowanne da gajeren bangon dutse, ga wurin shuka alayyahu da zogale.

Gangare mai sauƙi kuwa ciyawar jema ta ishe shi, a dasa ta layi-layi farkon damina. Mangwaro a nesanta shi da bango saboda saiwa. Ruwan indararo a kai shi kwata, kada ya faɗa gidan maƙwabci.