Kurakuran da ke lalata waƙar rawa mai salon saikedelik, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya saurari waƙar "Houdini" ta mawaƙiya Dua Lipa, wadda ta fito ranar 9 ga Nuwamba 2023, zai ji abu biyu suna tafiya tare: ganga da bes sun kafe kamar turke, a samansu kuma wasu sautuka suna lilo kamar a mafarki. Haka salon saikedelik yake idan aka aura masa kiɗan rawa. Kevin Parker, ɗan Ostareliyan nan da ke fitar da waƙoƙinsa da sunan Tame Impala, shi da Danny L Harle suka haɗa kiɗan, kuma waƙar ta kai matsayi na 2 a jadawalin waƙoƙin Birtaniya. Matasa masu haɗa kiɗa a kwamfuta suna ƙaunar salon nan, sai dai galibi sukan ɗauki mafarkin su bar turken.

Babban kuskure shi ne zuba amsa-kuwwa a kan komai. Mutum ya ji ana cewa kiɗan kamar hazo yake, sai ya lafta wa ganga, ya lafta wa bes, ya lafta wa murya. Ƙarshe waƙar ta koma kamar ana kiɗa a cikin rijiya, ƙafa ta rasa inda za ta taka. Ka bar babbar ganga da bes a bushe. Amsa-kuwwar ka ware mata layinta daban, ka riƙa aika mata abin da kake so kaɗan-kaɗan, sannan ka yanke mata duk abin da ke ƙasa da haz 200 zuwa 300 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), don a nan ne laka take taruwa. Idan ka kashe duk kayan ado ka bar ganga da bes kaɗai amma kanka bai kaɗa ba, to aikin bai fara ba tukuna.

Haka abin yake ga feza da filanja, na'urorin da ke sa sauti ya riƙa juyi kamar iska a bakin tulu. Asalin filanja tun shekarun 1960, lokacin da salon ya tashi a Landan da San Faransisko, kaset biyu ake kunnawa tare da sauti ɗaya, injiniya ya danna yatsa a gefen faifan ɗayan ya ɗan rage masa gudu. Na ɗan lokaci ake yi, ba daga farkon waƙa har ƙarshenta ba. Yau da yake dannawa ɗaya ce a manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio, sai a bar shi a kunne minti uku cur, kunne ya saba, daɗin ya gushe. Daddawa ce, ba a cika tukunya da ita. Ka ajiye shi don mashigar amshi ko inda kiɗa zai yanke ya dawo, ka kuma rage masa saurin juyi.

Sai rikicin ganga da bes, waɗanda wuri ɗaya suke zaune a ƙasan sauti. Ka sa matsi a kan bes yadda duk bugun ganga zai ɗan durƙusa ya ba ta hanya. Abin da ke ƙasa da haz 120 kuma ka tsayar da shi a tsakiya, kada ka baza shi hagu da dama. Wani abin da nake yawan nanatawa: mafi yawan masu sauraronka da lasifikar waya za su ji ka, ita kuwa ba ta iya fitar da zurfin bes. Ka ɗan ƙara masa kaushi don ya samu amo a sama, ka gwada a waya kafin ka ce ka gama.

Murya ma tana shan wahala. Kiɗan rawa na jama'a ne, suna son su bi amshi da baki. In ka binne mawaƙi a hazo, wa zai rera? Babbar murya ta tsaya a gaba sarai, muryoyin rakiya su ne za su yi yawo.

Game da tsawo, Spotify ba ya ƙirga sauraro sai an kai daƙiƙa 30. Gabatarwar minti ɗaya kafin a ji murya asara ce. "Houdini" minti 3 ce da 'yan daƙiƙu, inda kiɗa ya sake jiki yana can ƙarshe, doguwar sigar kuma daban aka fitar da ita. Wajen mastarin ma, wato gyaran ƙarshe na sauti, kada ka matse waƙa don ta fi ta kowa ƙara, domin Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi wajen -14 a ma'aunin LUFS. Zai rage taka, ka tashi ba ƙarar ba kuma numfashin.

Akwai kurakuran da ba na kunne ba ne. Mutum huɗu ko biyar su zauna a situdiyo su rubuta waƙa, babu wanda ya rubuta kason kowa a takarda, sai kuɗi ya shigo zumunci ya watse. A rubuta tun ranar. In ka ɗauko guntun tsohon faifan wani, ka nemi izini kafin fitarwa. Kuma ka miƙa waƙar ga editocin Spotify, masu zaɓen waƙoƙin da ke shiga jerinsa, aƙalla kwana 7 kafin ranar fita.

Na ƙarshe shi ne yanke ƙauna a makon farko. Parker shi kaɗai ya rubuta, ya buga, ya haɗa kundin Currents a situdiyonsa na gida a Fremantle, ya fitar a 2015. Waƙar "The Less I Know the Better" da ke ciki a hankali ta yi ta hawa, bayan shekaru TikTok ya ɗauke ta, a 2020 masu sauraron gidan rediyon Triple J suka zaɓe ta gwarzuwar shekaru goma, daga baya ta haura sauraro biliyan ɗaya a Spotify. Don haka, tunda waƙa na iya tashi bayan shekaru, ka adana kowane layin sauti daban, da sigar da babu murya, da guntun amshi na daƙiƙa 15 zuwa 30, a wuri biyu ba ɗaya ba.