Kurakuran masu koyon gyaran tunani daga littafi

Hanyar magance damuwa da fargaba da ake kira CBT, likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ne ya kafa ta a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a shekarun 1960. Tushenta shi ne, ba abin da ya faru kaɗai ke jefa mutum cikin ƙunci ba, har da fassarar da zuciyarsa ta yi masa. Yanzu matasa a Jos na tura wa juna littattafanta ta waya, amma da yawa sun karanta ba su ga sauyi ba.

Babban kuskuren shi ne karanta littafin kamar labari, a gama a ajiye. Aikin a rubutu yake. Ki samu littafin rubutu da biro, duk lokacin da ranki ya ɓaci ki rubuta abin da ya faru, abin da zuciya ta raya miki, da ƙarfin ɓacin ran cikin ɗari. Sannan ki nemi hujja. A ce kin gaida surukarki ta amsa a daƙile, zuciya ta ce "Mama ta tsane ni." To, me ke tabbatar da haka, me ke ƙaryata shi? Shekaranjiya ita ta aiko miki da kunun gyaɗa, kuma kin san yadda sanyin Jos ke tayar mata da ciwon gwiwa. Idan kin sake auna ɓacin ran, sau da yawa za ki ga ya sauka. Yin wannan a cikin kai kawai, ba tare da rubutu ba, ba ya yiwuwa, domin tunanin da ke damun mutum ya fi shi gudu.

Wasu kuma sun ɗauka ana so su riƙa ce wa kansu komai lafiya lau. A'a. Wanda aka sallama daga aiki ya yi rashi na gaske. Abin da zai tuhuma shi ne "ni kam ba zan ƙara samun aiki ba har abada."

Akwai masu jiran sai rai ya yi daɗi kafin su motsa. Motsin ke fara zuwa: wanka, sallar jam'i, ziyarar ɗan'uwa. Mai tsoron cunkoso kuma kada ya fara da tsakiyar kasuwar Terminus, ya fara da shagon unguwa.

Kuskuren da ya fi tayar min da hankali shi ne ɗora wa littafi abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya ga tashin hankali da idonsa a rikicin Jos na 2001 ko 2008 ko 2010, har yau yana firgita cikin barci, kada ya tono wannan shi kaɗai a ɗaki. Haka mai jin muryoyi, ko mai tunanin halaka kansa. Ya faɗa wa wani na kusa yau, su tafi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), ba sai ya gama babin da yake kai ba.