Yadda Mamban Hukumar Asibiti Zai Gane Ko Ƙananan Likitoci Sun Wadata

Na daɗe ina tsara jadawalin aikin ƙananan likitoci kafin in samu kujera a hukumar gudanarwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a kawo mana takarda cewa an cike duk gurabe, mu gyaɗa kai, alhali wata likita tana can ita kaɗai da ɗakunan majinyata uku tun magariba.

Idan kana hukumar, kada ka tsaya kan yawan gurabe. Ka ce a ba ka jadawalin watan jiya, ainihin wanda aka yi aiki da shi, mai goge-goge da rubutun biro a gefe. Nan za ka ga wanda ya haɗa dutin dare da na safe, da ranar da babu kowa sai da aka kira wani daga hutu.

Sai ka yi lissafi da kanka. Mako awa 168 ne. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade matsakaicin aikin mako a awa 48, don haka, idan aka bi wannan ma'auni, gurbi ɗaya da ba a rufewa dare da rana yana cin likita uku da rabi. Ka ƙara hutun shekara, rashin lafiya, haihuwa da ranakun karatu, domin waɗannan yaran horo suke karɓa, za ka ga kusan biyar ake bukata. Duk wanda ya ce maka uku sun isa, ka tambaye shi wa ke biyan ragowar da barcinsa.

Ba sabuwar matsala ba ce. Rasuwar Libby Zion, 'yar shekara 18, a wani asibitin New York a 1984 a hannun ƙananan likitoci masu dogon duti, ita ta kai ga ƙayyade musu aikin awa 80 a mako a jihar New York a 1989, kafin ƙa'idar ta game Amurka a 2003. A Ingila kuwa, rahoton 2013 na binciken da lauya Robert Francis ya jagoranta kan asibitin Stafford ya nuna hukumar da ta duƙufa kan kuɗi da cika alƙaluma, an rage ma'aikata, majinyata suka sha wahala.

Saboda haka ka je da ƙafarka. Ƙarfe biyun dare nake zuwa, ba tare da shugaban sashe ba, don a gabansa babu mai buɗe baki. Tambaya uku nake yi: majinyata nawa ke hannunki, yaushe rabonki da abinci, kuma idan kin kira babban likita minti nawa yake ɗauka? Ta ukun ce ta fi nauyi.

Abin da ka gani, ka sa a rubuta shi cikin bayanan zama, da sunan jami'in da zai gyara da ranar da zai dawo da amsa. Kuma ka nemi wannan batu ya zo gaban na kuɗi a ajandar kowane wata.