Mazaunin kofi a tsohuwar mota: kurakuran da nake yawan gani a nan Jidda

'Yan uwa masu tsoffin motoci, Marsandi W123 ne ko Cressida ko Caprice ko Land Cruiser FJ40, duk matsalarmu ɗaya ce, ba inda za ka ajiye kofin shayi. Lokacin da aka ƙera su ba a damu da wannan ba, sai wajen 1983 da Chrysler ta fito da ƙananan bas ɗinta a Amurka abin ya fara zama ruwan dare. To mu kuma nan mutum ya kama hanyar Madina sama da kilomita 400, dole yana son karak (shayin madara mai kayan ƙamshi) ko gorar ruwa kusa da hannu. Saka mazaunin kofi ba laifi, amma a saka wanda in an cire ba wanda zai san an taɓa sakawa.

Kuskure na farko kuma mafi ciwo shi ne huda. Wallahi na ga W123 mai katakon zebrano na asali an ɗaura masa sukuru biyu saboda mazaunin roba na riyal goma, abin ya tsaya min a rai. Katakon nan falle ne siriri aka manna, in ya tsage shikenan, sai dai ka yi ta yawo a tashlih, wato kasuwar kayan matattun motoci, kana neman wani kuma da wuya launin ya zo ɗaya. Gyaran mai sauƙi ne: zare ashtire ɗin, wato wurin zuba tokar sigari, ka adana shi a gida, ka kai wa kafinta ya yanka maka katako daidai ramin, ya zauna daram ba ƙusa ba gam. Ko a lanƙwasa ƙarfe a ɗaura shi a notin ƙafar kujera wanda dama yana nan, amma dan Allah a mayar da notin a ɗaure shi tamau, kujera ba abin wasa ba ce.

Sai gam da salatif mai fuska biyu. Wanda ya ba ka wannan shawarar bai san zafin Saudiyya ba. Mota ta wuni a rana a watan Yuli, dashbod yana iya haura digiri 70, gam ɗin ya narke ya zubar maka da shayi, wanda ya rage kuma ya kama tsohuwar ledar, garin kankarewa ka ɗaye ta. Haka masu buga nasu da injin 3D, in da robar PLA aka yi tun wajen digiri 60 yake fara laushi, ka ce a yi maka da robar ABS ko ASA.

Wanda ake maƙalawa a bakin esi ma ku bar shi, robar da ta shekara arba'in ta bushe kamar ƙwai, gwangwani ɗaya ya isa ya karya haƙoran. Na jikin ƙofa mai ƙugiya da ake zurawa gefen gilas ya ɗan fi, sai dai yana cin robar gilas ɗin kuma yana tokare hannun da ake murzawa, ka naɗa masa ƙyalle ka gwada sauke gilas har ƙasa kafin ka yarda da shi.

Wurin da aka saka ma mutane ba sa lura. Ka zauna ka shiga kowace giya har ribas, ka ja burkin hannu in motarka na da shi a tsakiya, ka ga ko gwiwar hannunka na bugun kofin. A W123 maɓallan gilas na lantarki suna nan kusa da giya, shayi mai sukari ya shiga ciki sun dinga maƙalewa kenan, saboda haka kofi ya koma baya da su. Masu Caprice mai doguwar kujera ku kun huta, akwai wanda ake ɗorawa kan tudun tsakiya na ƙasa mai buhunan yashi gefe biyu, nauyinsa ne ke riƙe shi.

Kuma a auna. Gwangwanin lemo mai mililita 330 na yau da kullum faɗinsa milimita 66 ne, kofin takarda na karak kuwa gindinsa siriri, in ramin ya yi faɗi ko bai yi zurfi ba zai yi ta rawa. Ka sa soso a zagaye ciki, sannan ka cika kofi da ruwa zalla ka zaga unguwa, ka hau matabbat (tudun rage gudu na kan titi) biyu uku ka sha kwana a shataletale, in bai zube ba sai ka zuba shayin.