Atisayen hana faɗuwa a gidan tsofaffi: kurakuran da muke ta maimaitawa

Shekarata ta huɗu ke nan ina aikin kula da tsofaffi a wani gida da ke arewacin Ingila, irin gidan da kowa ke da ɗakinsa da makullinsa, mu kuma muna taimakawa da wanka, magani da abinci. Duk ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya akan jera kujeru a falo, a kunna kiɗa, a ce lokacin motsa jiki ya yi. Na daɗe ina ganin abin yana tafiya daidai, har daren da wata tsohuwa 'yar shekara 84, wadda ba ta taɓa fashin ajin ba, ta zame tsakanin gadonta da banɗaki, ƙugunta ya karye. Da likitan gashin ƙashi ya zo ya kalli ajin namu, tambaya ɗaya ya yi: "Yaushe suke tashi tsaye?" Muka kalli juna. Ba sa tashi.

Babban kuskuren ke nan, kuma tsoro ne ke kawo shi. Ma'aikaci yana gudun kada wani ya faɗi a hannunsa a sa shi cike takardu, sai a zaunar da kowa a yi ta kaɗa hannu da jefa balan-balan minti arba'in. Akwai nishaɗi, kafaɗu ma suna sakewa, amma mutum ba a zaune yake faɗuwa ba. Abin da ke riƙe mutum a tsaye haɗin gwiwa ne tsakanin ido, da cikin kunne, da jin da tafin ƙafa ke yi wa ƙasa, da ƙarfin cinya da idon sawu. Waɗannan ba sa koyon komai sai an ɗan jarraba su. Gyaran shi ne a tsayar da duk wanda zai iya tsayuwa a bayan kujera mai nauyi marar taya, ko a gefen kantar ɗakin girki. Ya ɗaga dunduniya ya sauke, ya ajiye ƙafa ɗaya daidai gaban ɗaya dunduniya na taɓa yatsu, ya yi taku gefe-gefe, ya tsaya da ƙafa ɗaya. Da farko hannu biyu a kan kujera, daga baya hannu ɗaya, sai yatsa biyu, sai a saki amma hannun yana kusa. In kin ga tsohuwa tana ɗan rangaji tana gyara tsayuwarta da kanta, aikin ne yake shiga. Ke dai ki tsaya a gefenta, ta ɓangaren da ya fi rauni.

Sau ɗaya a mako kuma ya yi kaɗan. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce 'yan shekara 65 zuwa sama su yi atisayen daidaita tsayuwa da ƙarfafa gaɓoɓi aƙalla kwana 3 a mako. Tsarin atisayen hana faɗuwa na Otago, wanda John Campbell da Clare Robertson suka samar a jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan, yana da motsi 17, ana yi sau 3 a mako, kamar minti 30 kowane zama, ga kuma tattaki a kai. A gwaje-gwajen da aka yi masa, faɗuwa ta ragu da kusan kashi 35 cikin 100. Da muka kasa samun falo kwana uku, sai muka cusa abin cikin harkar yau da kullum: tashi-zauna sau biyar kafin a kawo shayin safe, ɗaga dunduniya ana jiran buta ta tafasa.

Wasu kan ce ai Baba yana zagaya farfajiya kullum, ya wadatar. Tattaki yana da kyau ga zuciya, amma shi kaɗai ba ya gyara tsayuwa.

Akwai kuskuren da ya fi damuna, don ni ma na sha yin sa, kuma daga tarbiyya na kwaso shi. A gida an koya mana in babba zai tashi ki riga shi, ki ɗauko masa buta, ki miƙo masa takalmi. Na zo nan da wannan hali. Tsoho ya fara yunƙurin miƙewa, sai in ce ya zauna zan kawo masa, ko in cusa hannu a hammatarsa in ciccibe shi. A ganina ladabi ne. Ashe kowace miƙewa da na karɓe masa, wani ƙarfin cinya ne na rage masa, kuma jan hammata yana iya ji wa kafaɗa ciwo. Yanzu sai in ce ya matso bakin kujera, ya ja ƙafafunsa baya, ya sunkuyo har hancinsa ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan ya tura. Yakan ɗauki minti guda, wani lokaci da tsaki, ni kuma hannuna yana ƙaiƙayi, amma nakan danne.

Wani kuskuren kuma, ba a auna kowa, shi ya sa mai ƙarfi da marar ƙarfi suke abu ɗaya wata shida. Gwajin ba wuya: mutum ya tashi daga kujera, ya yi taku mita 3, ya juyo ya zauna, ke kina duba agogo. In ya kai daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin haɗarin faɗuwa, a sanar da likita. A rubuta, a maimaita bayan wata uku. Wanda motsi ya zame masa wasa a ƙara masa wuya, misali ya tsaya da ƙafa ɗaya yana juya kai, ko yana lissafo sunayen jikokinsa.

Sai ƙananan abubuwa da ake rainawa. Silifas marar baya da safa a kan daɓe mai santsi ba su da wuri a ajin nan, takalmi mai rufe dunduniya ake so. Maganin hawan jini da na barci suna sa jiri in an miƙe da sauri, don haka a zauna a bakin kujera, a motsa ƙafa, a tashi a hankali, kuma a sha ruwa kafin a fara, domin da yawansu suna ƙin sha don gudun zaryar banɗaki. Gilashin ido mai hawa biyu, na karatu da na nesa, yana dagula ganin ƙasa. Duk wanda ya ce ƙirjinsa na ciwo ko numfashinsa na sarƙewa, a tsaya nan take.

Abin da kusan ba a koyarwa shi ne yadda za a tashi daga ƙasa, alhali kwanciyar sa'o'i bayan faɗuwa tana da nata haɗarin. Ƙwararru suna koyar da shi daga ƙarshe zuwa farko: a fara da durƙusa gwiwa ɗaya ana dafe da kujera, in ya zauna a jiki a ƙara ɗayar, daga baya a kai ga rarrafe da kishingiɗa. Ranar da na fara ganin ana yi, kakata na tuna, wadda take sauka ƙasa ta miƙe a salla sau biyar a rana ba tare da ta kira shi atisaye ba. A gidanmu na nan akwai tsohon da ya ce rabonsa da ya sa gwiwa a ƙasa ya manta. Sai da ya yi mako bakwai kafin ya yarda ya gwada, a kan tabarmar roba, mu biyu muna tsaye a gefensa.