Yadda Ake Kama Bugu Bakwai Daga Kundayen Progressive Rock

Yawancin masu koyon gangunan bature da suka ji kiɗan Neil Peart ko na Bill Bruford, saurin hannun suke fara kwaikwayo, a nan kuma suke faɗuwa. Abin da ya bambanta wannan salon nasu na progressive rock da sauran kiɗan rok shi ne lissafi. Waƙoƙin da kunne ya saba da su suna zagayowa bayan bugu 4, su kuwa waɗannan makaɗa na Ingila da Kanada sukan zagayo bayan 5 ko 7 ko 9. Wanda bai kama 7 ba kada ya taɓa sauran.

Fara da kunne, ajiye sanda

Saka waƙar "Money" ta Pink Floyd, daga kundin The Dark Side of the Moon na 1973. Ba don mai gangarsu Nick Mason ya fi kowa hannu ba, sai don bakwai ɗinsa tafiyar hawainiya yake yi, har ka iya bin sa da yatsa. Saurari jita mai kaurin murya, ka tafa duk inda layinta ya dawo farko. Tsakanin tafi da tafi bugu 7 ne. Da an shiga wurin da babbar jita take kiɗa ita kaɗai, lissafin ya koma 4. Idan ka ji wannan sauyin a jikinka ba tare da ƙirga ba, kunnenka ya buɗe.

Daina ƙirga da lambobi

Nan ne wahalar take, nan kuma ya kamata ka daɗe. Daga ɗaya har bakwai, kowace lamba a Hausa gaɓa biyu ce. A kan "Money" za ka iya faɗinsu, amma da kiɗa ya yi sauri harshe ba zai bi ba, sai ka soma haɗiye wasu. Maganinsa ka raba bakwai ɗin gida uku: biyu, biyu, uku. Ka riƙa cewa "ta-fi, ta-fi, ta-fi-ya", kowace gaɓa bugu ɗaya.

Sai dai akwai tarko a "ya" ɗin ƙarshe. Baki ya saba jan ta, kuma da ka ja ta ka ƙara bugu ɗaya ba ka sani ba, bakwai ya zama takwas. Kusan duk mai koyo wannan kuskuren yake yi: yana ɗan numfasawa a ƙarshen zagaye, domin jikinsa yana neman cikon da ya saba ji. Shi a ransa 7/8 yake kaɗawa, wato zagaye mai bugu bakwai, mai sauraro kuwa 4/4 yake ji, wato zagayen huɗu da aka saba, mai ɗingishi. Dole "ta" ta gaba ta faɗo a kan dugadugan "ya", babu tazara ko ta ƙwayar zarra.

Ga yadda za ka kama kanka. Sauke manhajar metronom, mai buga ƙara a kan lokaci daidai wa daida, a waya, ta kyauta ta isa. Saita ta a bugu 120 a minti, zagaye na 7, ka sa bugun farko ya yi ƙara daban. Tafa cinya kana furta gaɓoɓin. In "ta" ɗinka ta farko ta sauka bayan wannan ƙarar, ka ja "ya". Yi zagaye 20 a jere ba kuskure kafin ka ƙara sauri, kuma kada ƙarin ya wuce 5 ko 6 a lokaci guda. Minti 10 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Ka naɗi kanka a waya, don mai kiɗa ba ya jin ɗingishinsa yana cikin yi.

Yanzu hau kujera

Hannun dama ya bugi tagwayen farantan nan da ake matsewa da ƙafa, bugu 7 daidai wa daida. Gangar ƙafa a kan 1 da 3, ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙarƙashi a kan 5. Shi ke nan, kada ka ƙara komai har mako guda. Bayan haka ka canza: ƙafa a 1, ƙaramar ganga a 3, ƙafa a 5 da 6, ƙaramar ganga a 7. Wannan ya fi tona asiri, domin ƙafa za ta sauka nan take bayan hannun hagu, babu wurin ɓoye numfashin nan. Wanda ba shi da ganguna, filo da ƙasa sun ishe shi wannan matakin.

Matsala ta biyu tana zuwa lokacin zagaya ganguna a ƙarshen layi. Idan ka yi dama, hagu, dama, hagu har sau 7, a dama za ka ƙare, farkon zagaye na gaba ya faɗa hannun hagu, ka rasa hannun bugun babban faranti. Ka ninka na ƙarshe: dama, hagu, dama, hagu, dama, hagu, hagu. Ko ka raba kowane bugu biyu su zama 14, hannu ya dawo daidai da kansa.

Kundayen da za ka bi, a jere

Na farko Selling England by the Pound na Genesis, 1973. Rabin ƙarshe na "The Cinema Show" 7/8 ne mai tsawo, kuma Phil Collins ya kaɗa shi da sauƙin hannu har ka manta lissafin ba cikakke ba ne. Saurari ƙananan bugun da yake sakawa a hankali tsakanin manya, su ne suke sa kiɗan gudana. Bahago ne, don haka in kana kallon bidiyonsa ka juya komai. Rage saurin YouTube zuwa 0.75, ba abin kunya ba ne.

Sai Moving Pictures na Rush, 1981. Tsakiyar "Tom Sawyer" yana shiga 7/8 ya fita, darasin kuwa shi ne shiga da fitar. Peart, mai gangar Rush, ya kasance yana tsara kowane bugu ya maimaita shi haka, shi ya sa kwafarsa ta fi ta kowa sauƙin rubutawa.

Bruford ka bar shi ƙarshe: Close to the Edge tare da Yes a 1972, da Red tare da King Crimson a 1974. A ganina babu kiɗan ganga a wannan salon da ya kai na Red. Yakan ƙi buga ƙaramar ganga inda kowa yake jira, kuma amon nan nata mai kaifi yana fitowa ne daga bugun fata da bakin ƙarfen a tare. Idan lissafinka bai zauna ba, zai ɓatar da kai a zagaye na biyu.

Daga nan gwada dabarar Gavin Harrison a "The Sound of Muzak", kundin In Absentia na Porcupine Tree, 2002: ƙafa da hagu suna cikin 7, dama tana ƙarfafa bugu ɗaya tana tsallake ɗaya, ba sa haɗuwa a farko sai bayan bugu 14. In bugu tara kake so kuwa, "ta-fi" ɗaya kawai za ka ƙara, in biyar ne ka cire "ta-fi" ɗaya.